Bayani kan cutar dasashi da hanyoyin cike giɓin haƙora

Cutar dasashi na cikin manyan dalilan da ke raba manya da haƙoransu a duniya, kuma sau da yawa takan shafe shekaru tana ɓarna a cikin baki ba tare da mai ita ya ji wani zafi ba.

A wani rahoto da ta fitar a watan Nuwamban shekarar 2022, Hukumar Lafiya ta Duniya, WHO, ta ƙiyasta cewa kimanin kashi 19 cikin 100 na manyan mutane a duniya, wato fiye da mutum biliyan ɗaya, suna fama da nau'in cutar mai tsanani. Hukumar ta kuma ce kusan kashi 23 cikin 100 na waɗanda suka kai shekara 60 zuwa sama ba su da sauran haƙori ko ɗaya a bakinsu.

A yau likitoci na da hanyoyi uku na cike giɓi, wato haƙoran roba, da gada, da kuma dashe. To sai dai babu ko ɗaya daga cikinsu da ke ɗorewa a bakin da cutar dasashi ke ci. Shi ya sa ƙwararru kan fara da maganin dasashin kafin a kai ga batun sa sabon haƙori.

Yadda cutar ke farawa

Babban mutum yana da haƙora 32. Abin da ido ke gani na kowane haƙori ɓangare ne kawai. Sauran, wato saiwar, tana binne a cikin ƙashin muƙamuƙi, inda wasu siraran zaruruwa masu ɗimbin yawa suka ɗaure ta da ƙashin. Shi kuma dasashi ya lulluɓe ƙashin, ya kama gindin haƙorin gam.

A kowace rana wata dauɗa mai yauƙi, wadda ke cike da ƙwayoyin cuta, tana taruwa a daidai inda haƙori ya haɗu da dasashi. Idan ba a goge ta ba, jiki kan tashi yaƙi da ƙwayoyin cutar, sai dasashin ya kumbura, ya yi ja, ya riƙa fitar da jini. Wannan shi ne matakin farko, kuma yana warkewa sarai da zarar an gyara tsaftar baki.

Wani gwaji da Farfesa Harald Löe ya jagoranta a ƙasar Denmark a shekarar 1965 ne ya tabbatar da haka. An umarci mutum 12 masu lafiyayyen dasashi, galibinsu ɗalibai, da su daina goge baki baki ɗaya. Cikin kwana 10 zuwa 21 dasashin kowannensu ya kumbura. Da suka koma goge baki, kumburin ya baje cikin kimanin mako guda.

Idan kuwa aka bar dauɗar ta daɗe, ma'adanan da ke cikin miyau kan sa ta daskare ta zama ɓawo mai tauri, wanda buroshi ko asuwaki ba sa iya cire shi. Daga nan ne a wasu mutane cutar kan shiga mataki na biyu. Dasashi ya saki haƙori, rami ya buɗe a tsakaninsu, kuma kamar yadda Hausawa kan ce, sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ƙwayoyin cutar kan sauka cikin ramin inda babu abin da ke kai musu, kumburin kuma ya yi ta cin zaruruwan da ƙashin da ke riƙe da haƙori. Ƙashin da ya zaizaye ta wannan hanya ba ya komawa da kansa.

Alamomin cutar

Alama ta farko ita ce ganin jini a jikin buroshi ko asuwaki, ko a cikin miyau bayan goge baki. Mutane da dama na ɗaukar wannan ba a bakin komai ba, wasu ma kan daina goge wurin da ke jinin, abin da ke ƙara wa cutar ƙarfi. Lafiyayyen dasashi dai ba ya jini don an goge shi.

Sauran alamomin sun haɗa da warin bakin da ba ya jin wanki, da janyewar dasashi har haƙori ya yi kamar ya ƙara tsawo, da tsamin haƙori idan an sha ruwan sanyi, da fitowar mugunya daga gefen haƙori. A ƙarshe haƙora kan fara girgiɗi, ko su buɗe a tsakaninsu ga mutumin da a da ba shi da wushirya. Lokacin da aka kai nan, ƙashi mai yawa ya riga ya tafi.

Waɗanda cutar ta fi yi wa illa

Ba kowa ne cutar ke ci da sauri iri ɗaya ba. Daga shekarar 1970, masu bincike sun shafe shekara 15 suna bibiyar ma'aikata 480 a gonakin shayi na ƙasar Sri Lanka, waɗanda ba sa goge baki kuma ba sa ganin likitan haƙora. An gano cewa kashi 8 cikin 100 cutar ta ci su da sauri ƙwarai, kashi 81 ta ci su sannu a hankali, yayin da a kashi 11 ba ta wuce kumburin farko ba. Wannan ya nuna cewa bayan dauɗa, yanayin jikin mutum da abin da ya gada suna da tasiri.

Shan taba na kan gaba a cikin abubuwan da ke tsananta cutar. Tabar tana rage jinin da ke fita daga dasashi, saboda haka sai ta ɓoye alamar farko, kana kuma ta hana magani yin aiki yadda ya kamata.

Na biyu shi ne ciwon sukari. Mai ciwon sukarin da ba a shawo kansa ba ya fi sauran mutane haɗarin kamuwa da cutar har kusan ninki uku. A ɗaya hannun kuma, kumburin dasashi na wahalar da daidaita sukarin, kuma bincike ya nuna cewa maganin dasashi na taimakawa wajen saukar da shi kaɗan.

Mata masu juna biyu ma kan yi fama da kumburin dasashi saboda sauyin da jikinsu ke yi. Haka nan wasu magunguna, kamar amlodipine da nifedipine na hawan jini da phenytoin na farfaɗiya, suna sa dasashin wasu mutane ya yi kauri har ya hau kan haƙora. Bai kamata mutum ya daina shan irin waɗannan magunguna da kansa ba, sai dai ya sanar da likitan da ya rubuta masa su.

Aikin ƙwararren likita

Duk wani likitan haƙora na iya maganin matakin farko na cutar. Akan tura majinyaci wurin ƙwararre ne idan ramukan sun yi zurfi, ko cutar ta kama matashi, ko kuma ta ƙi jin maganin farko. Fannoni biyu ne suka fi shafar wannan aiki: akwai ƙwararren dasashi, akwai kuma ƙwararren sa haƙori. A Amurka, alal misali, kowannensu sai ya ƙara shekara uku yana karatu bayan kammala digirin likitan haƙora.

Ƙwararren kan fara ne da awo. Yakan zura wani siririn ƙarfe mai alamun milimita a tsakanin haƙori da dasashi, a wurare shida a kewayen kowane haƙori. A lafiyayyen baki zurfin ba ya wuce milimita 1 zuwa 3. Daga milimita 4 an shiga cuta, milimita 6 zuwa sama kuma rami ne mai zurfi. Sa'annan a ɗauki hoton ƙashi don a ga yawan abin da ya zaizaye. Tun bayan wani taron ƙwararru da aka yi a birnin Chicago a shekarar 2017, ana kasa cutar zuwa matakai huɗu gwargwadon ɓarnar da ta yi, da kuma aji uku gwargwadon saurin cinta.

Maganin na tafiya ne daki-daki. Da farko a koya wa majinyaci yadda zai tsaftace bakinsa, a taimaka masa ya bar taba, a kuma daidaita sukarinsa idan yana da shi. Bayan haka a kankare ɓawon da ke saman dasashi da wanda ke ƙarƙashinsa, da ƙarafan hannu ko da wata na'ura mai karkarwa da fesa ruwa, galibi bayan an yi allurar kashe zafi.

Wannan kankara ba sabon abu ba ne. Shahararren likitan nan na Andalus, Abul Ƙasim al-Zahrawi, wanda ya rasu wajen shekarar 1013, ya zana siffofin ƙarafan kankare haƙora a cikin littafinsa Al-Tasrif. Ya kuma bayyana yadda ake ɗaure haƙora masu girgiɗi da zaren zinariya, da yadda ake sassaƙa haƙori daga ƙashin sa a cike giɓi da shi.

Akwai masu tsoron cewa wankin haƙori a asibiti na sa haƙora girgiɗi ko buɗewa. Abin da ke faruwa shi ne, idan aka cire ɓawon da ya cike tsakanin haƙora, kumburi kuma ya sauka, sai ɓarnar da cutar ta riga ta yi ta fito fili.

Bayan wata biyu zuwa uku akan sake awo. A wurin mutane da yawa ramukan kan ragu har ba a bukatar wani abu kuma. Inda rami mai zurfi ya saura, akan yi ƙaramar tiyata, a ɗaga dasashi a kankare saiwar ido na gani, sa'annan a ɗinke. A wasu ramukan ana iya cusa garin ƙashi a rufe da wani siririn mayafi domin ƙashin ya sake tsirowa. Magungunan kashe ƙwayoyin cuta kuwa ba kowa ake bai wa ba, kuma su kaɗai ba sa warkar da cutar matuƙar ɓawon na nan.

Mataki na ƙarshe ba shi da ranar gamawa. Wanda ya taɓa yin cutar zai riƙa komawa ana duba shi, galibi duk bayan wata uku zuwa shida. A ƙasar Sweden an bi wasu mutane da ke zuwa irin wannan duba har tsawon shekara 30, kuma sakamakon da aka wallafa a shekarar 2004 ya nuna cewa a tsawon wannan lokaci abin da kowannensu ya rasa, a matsakaicin lissafi, bai kai haƙori biyu ba.

Idan haƙori ya riga ya fita

Giɓi ba ya tsayawa yadda aka bar shi. Haƙoran da ke gefe kan karkato cikinsa, wanda ke fuskantarsa daga sama ko ƙasa kuma ya zazzago. Ƙashin wurin ma kan motse, har faɗinsa na iya raguwa da kusan rabi a cikin shekarar farko. Wanda ya rasa turamensa kan guje wa nama da sauran abinci mai tauri, wanda ya rasa na gaba kuma furucin wasu haruffa kan gagare shi, abin da ke damun malamai da duk mai sana'ar da ta dogara da magana.

Duk da haka, ba kowane giɓi ne sai an cike shi ba. A shekarar 1992 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya burin cewa mutum ya rayu da haƙoransa na asali aƙalla 20, domin sun isa tauna da magana ga yawancin mutane. Tun a shekarar 1989 ƙasar Japan ta ƙaddamar da wani kamfe na ganin tsofaffi sun kai shekara 80 da haƙora 20 a bakinsu.

Haƙoran roba

Wannan ita ce hanya mafi sauƙin kuɗi, kuma ba ta bukatar tiyata. Akan ɗauki awon baki, a ƙera haƙoran a kan wani faifai na roba, ko na roba da ƙarfe, wanda mutum zai riƙa sawa yana cirewa. Ana yin su don giɓi kaɗan, ana kuma yin su don baki gaba ɗaya.

Matsalarsu ita ce ba su da ƙarfin tauna kamar na asali, kuma na ƙasa sun fi yawan motsi. Da yake ƙashi na ci gaba da motsewa, bayan wasu shekaru sukan yi wa mutum yawa, sai an gyara ko an sake. Wajibi ne a cire su da dare a wanke. Wani bincike da aka wallafa a shekarar 2015 kan tsofaffi 'yan shekara 85 zuwa sama a Japan ya gano cewa kwana da su a baki na ninka haɗarin kamuwa da cutar limoniya.

Gada

Ita kuma gada ba a cire ta. Akan fere haƙoran da ke gefe biyu na giɓin, a ƙera musu kwanso na tangaran ko ƙarfe wanda ke haɗe da sabon haƙorin a tsakiya, sa'annan a manne su. Aikin kan kammala cikin 'yan makonni, kuma kusan tara daga cikin goma na irin wannan gada na kai shekara goma.

Illarta ita ce sai an taɓa lafiyayyun haƙora. Idan kuma cutar dasashi ta riga ta raunana su, ba za su iya ɗaukar nauyin ba.

Dashen haƙori

A nan akan huda ƙashin muƙamuƙi a ɗaura wani ƙaramin kusa na ƙarfen titaniyam a madadin saiwa. Sai a jira, galibi wata uku zuwa shida, har ƙashi ya kama ƙarfen, kafin a ɗora haƙorin tangaran a kansa.

Wani likita ɗan ƙasar Sweden, Per-Ingvar Brånemark, shi ne ya kafa harsashin wannan aiki. Yana binciken yadda jini ke gudana a cikin ƙashin zomo ne ya lura cewa ƙarfen titaniyam da ya sa a ƙashin ya ƙi fita, domin ƙashin ya manne masa. A shekarar 1965 a birnin Gothenburg ya dasa irin waɗannan ƙusoshi huɗu a muƙamuƙin wani mutum mai suna Gösta Larsson, wanda ya ci gaba da amfani da su har rasuwarsa a shekarar 2006. Duniya ta karɓi hanyar ne bayan wani taro da aka yi a birnin Toronto na ƙasar Kanada a shekarar 1982.

Fiye da kashi 90 cikin 100 na haƙoran da ake dasawa na kai shekara goma. Dashe ba ya bukatar a taɓa haƙoran gefe, kuma ga wanda ba shi da haƙori ko ɗaya a ƙasa, ƙusoshi biyu sun isa su riƙe masa haƙoran roba su daina motsi.

Amma kuma haƙorin dashe, ko da yake ba ya ruɓewa, dasashi da ƙashin da ke kewaye da shi na kamuwa da cuta irin ta haƙorin asali, wadda ta fi wuyar magani. Bincike ya nuna cewa hakan na faruwa ga kimanin mutum ɗaya cikin biyar da aka yi wa dashe, kuma haɗarin ya fi yawa ga waɗanda suka taɓa yin cutar dasashi, musamman idan ba sa komawa a duba su.

Ba a yin dashe ga yaron da ƙashinsa bai gama girma ba. Akan kuma yi taka-tsantsan da mashaya taba, da masu ciwon sukarin da bai daidaita ba, da waɗanda aka gasa wa muƙamuƙi saboda ciwon daji, da masu shan wasu magungunan ƙarfafa ƙashi. Idan ƙashin wurin bai isa ba, sai an ƙara shi tukuna. Garin ƙashin da mayafin da ake amfani da su na iya kasancewa daga jikin majinyacin, ko na haɗawa, ko daga shanu, wasu mayafan kuma daga alade ake samo su, don haka majinyaci na da haƙƙin ya tambayi asalin abin da za a sa masa. Ta fuskar kuɗi kuwa, dashe ya ninka haƙoran roba sau da yawa.

Halin da ake ciki a Najeriya da Nijar

Babbar matsalar ita ce ƙarancin likitoci. Alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya na shekarun 2014 zuwa 2019 sun nuna cewa a yankin Afirka likitocin haƙora kimanin uku ne ke duba kowane mutum 100,000. Ƙwararrun dasashi da na sa haƙori sun fi haka ƙaranci, kuma a arewacin Najeriya an fi samun irin wannan aiki ne a manyan asibitocin koyarwa kamar na Kano da Zariya da Maiduguri da Sakkwato, da wasu asibitoci masu zaman kansu a manyan birane.

Wannan ne ya sa wasu ke zuwa wurin masu sa haƙori a kasuwa, waɗanda kan liƙa haƙorin roba a jikin na gefe ta yadda ba ya ciruwa. Dauɗa kan taru a ƙarƙashinsa, har mutum ya rasa haƙoran da aka jingina shi da su. Haka ma haƙorin Makka, idan bakinsa bai zauna daidai a kan dasashi ba, yakan zama matattarar dauɗa.

Akwai kuma cutar noma mai zaizaye fuska, wadda ke farawa da gyambo a dasashin yara 'yan shekara biyu zuwa shida masu fama da rashin abinci mai gina jiki. Cikin 'yan kwanaki takan ci kunci da leɓe, kuma tana kashe har kashi 90 cikin 100 na waɗanda ba a yi wa magani ba, alhali idan an gano ta da wuri magungunan kashe ƙwayoyin cuta da tsaftar baki da abinci mai kyau na tsayar da ita. An buɗe asibiti na musamman domin cutar a Sakkwato a shekarar 1999, kuma a watan Disamban 2023, bisa bukatar da Najeriya ta jagoranci gabatarwa, WHO ta sanya ta cikin jerin cututtukan ƙasashe masu zafi da aka yi sakaci da su.

Rigakafi

Shawarar likitoci ita ce a goge baki sau biyu a rana na tsawon minti biyu, da buroshi mai laushi da man goge baki mai sinadarin fuloraid, a kuma mai da hankali kan inda haƙori ya haɗu da dasashi. Tsakanin haƙora na bukatar zare ko ɗan ƙaramin buroshi na musamman, domin a can ne cutar ta fi farawa.

Asuwaki ma na cire dauɗa sosai idan an yi shi da kyau, an kuma kai shi ciki da bayan haƙora, ba gaba kaɗai ba. Sai dai dirza shi da ƙarfi na janye dasashi, kamar yadda gawayi da toka ke cinye fatar haƙori.

Wanda kuma ya ga jini na fita daga dasashinsa fiye da mako biyu duk da yana goge baki yadda ya kamata, to ya nemi likitan haƙora tun haƙoran ba su fara girgiɗi ba.